Baƙar Ledar Malam Sabi'u

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Malam Sabi'u ake ce masa. Ku saurara, ku na baya ma ku matso, don labarin nan naku ne.

Aikinsa bincike ne a wata jami'a, a wani ɗan ɗaki can ƙarshen gini, inda ko mai shara sai ya ga dama yake leƙawa. Wata irin leda yake haɗawa, baƙa, siririya kamar ɓawon albasa, wadda wutar lantarki ke iya bi ta cikinta. Burinsa a ɗiga mata wani sinadari, ta sha, ta lanƙwashe da kanta yadda tsokar hannu ke yi, don a ɗinka wa masu shanyewar hannu safar da za ta riƙa naɗe musu yatsu. Matarsa Asabe da shanyayyen hannu ta rasu, ko cokali ba ta iya riƙewa. Allah bai ba su haihuwa ba. Tun da aka kai ta makwancinta, ɗakin nan ne gidansa, shi ne danginsa.

Shekaru suka yi ta tafiya, leda ko gezau. Shi kuwa yana da wata ɗabi'a: in zai ɗiga sinadari, sai ya sunkuya dab da ledar, bakinsa na istigfari a hankali. Ran nan ya canja haɗin ledar, ya sunkuya, ya ɗiga, sai leda ta rusuna! Ya sake, ta sake. Wayyo, bawan Allah ya ɗaga kai don ya gaya wa wani, babu kowa. Ya zauna a ƙasa ya sha kukansa shi kaɗai.

Dama manyan jami'ar sun gaji da shi, suna shirin mai da ɗakin sito. Da labari ya je musu, suka sa ranar zuwa su gani da idonsu. In ta motsa, aiki ya ci gaba. In ba ta motsa ba, ya ba da makulli.

Da hantsin ranar yana cikin gwaji, abokin aikinsa Tukur ya yi sallama. Malam Sabi'u ya juya kai yana amsawa, hannunsa na ɗiga sinadari. Leda ba ta motsa ba. Ya ajiye kwalbar, ya sunkuya bai ɗiga komai ba, ya ce, "Astagfirullah." Leda ta rusuna.

Kun gane? Ba sinadarin ba ne, danshin numfashinsa take sha. Bai taɓa lura ba, don babu wanda ya taɓa kiransa ya waiga yana cikin aiki.

Tukur ya ce, "Haba Malam, kwantar da hankalinka. Ka sunkuya yadda ka saba, ka yi istigfarinka. Ko kalma ɗaya ba sai ka ce musu ba, ina ƙarya a nan?"

Ya ce, "Tukur, da sunan Allah zan hura mata?"

"To in suka rufe ɗakin, ina za ka? Wa gare ka?"

"Wallahi ba ni da kowa," in ji shi. "Amma in aka sa wa mai shanyayyen hannu safar nan, wa zai bi shi gida yana hura masa?"

Manya suka iso, ɗaki ya cika yadda bai taɓa cika ba. Malam Sabi'u ya zaro hankici ya ɗaure hanci da baki, ya miƙa hannu daga nesa, ya ɗiga. Aka jira, aka jira, shiru. Sannan ya kwance hankicin, ya hura, ya nuna musu abin da ke motsa ta. Wani ya tuntsire da dariya. Kafin azahar an karɓi makulli.

Kuna jira in ce washegari aka kira shi aka ba shi babbar kujera ko? Ba a kira shi ba. Ya tafi gida da guntuwar ledarsa cikin gwangwanin madara, ya rataye ta gefen dardumarsa. Har ya koma ga Allah, in ya idar da salla ya yi istigfari, ita kaɗai ke amsa masa.

To jama'a, ƙarya ba sai an faɗe ta da baki ba. Ana yin ta da shiru, ana yin ta da carbi a hannu, kuma wadda aka lulluɓe da sunan Allah ta fi kowacce muni. Kai mai awon hatsi da ke salati yatsanka na cikin mudu, da kai nake. Kai dillalin mota da ka san injin ya buga ka yi gum kana jan carbi, kar ka sunkuyar da kai, da kai nake. Malam Sabi'u ya rasa ɗakin da ya fi so a duniya, bai yarda ya cuci kowa da istigfarinsa ba. Gobe in kun buɗe shago kun ce Bismillah, kowa ya tambayi kansa abin da zai rufe da ita. Allah Ya sa mu gyara.