Yadda Bunsuru Ya Rasa Wutsiyarsa a Kan Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne.

Wata shekara zafin bazara ya tsananta, ciyawa ta ƙone, rafi ya ƙafe. Sai Bunsuru ya kwashi matarsa Akuya da 'ya'yansu, ya kai su wani kogo can ƙololuwar dutse, inda akwai ɗan ganye da marmaro. A lokacin nan wutsiyarsa doguwa ce har ƙasa, kullum sai ya taje ta kafin ya fita.

Rannan ya sauko lasar kanwa, sai ya yi kiciɓis da Kura. Ta danne shi, ta shafa haƙarƙarinsa, ta ce, "Kowa ya rame, kai sai sheƙi kake yi. Ina kake kiwo?"

Ya ce, "Gwaggo, ai kumburi ne, ba ƙiba ba."

Ta ce, "To, wuce mu je gidanka in duba sauran masu kumburin."

Ba yadda ya iya, sai ya shiga gaba. Hanyar siririya ce, dama bangon dutse, hagu rami mai zurfi. Dutse a bushe, faratan Kura na kamawa ƙas-ƙas, tana hawa tana haɗiyar miyau. Bunsuru kuwa yana tafe yana tuna 'ya'yansa.

Sun yi nisa, sai iska ta juya. Hadarin da ba wanda ya zata ya taso daga gabas, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Nan da nan dutse ya zama kamar an shafe shi da man shanu.

Suka iso wani falalen dutse mai gangara. Kura ta taka, ta zame, ta daki haɓa. Ta ce, "Kai mai gemu, me ya sa kai ba ka zamewa?"

Ya ce, "Gwaggo, dubi ƙafata, kin ga farce? Farce shi ke tsokano santsi."

Sai Kura ta zauna cikin ruwa ta dinga goga faratanta a dutse har suka dakushe. Ta rarrafa ta haye da ƙyar.

Suka iso falali na biyu. Kura ta taka, ta zame, ta daki ƙirji. Ta ce, "Santsin nan ƙaruwa ya yi!"

Ya ce, "Af, na manta ban ba ki maganin ba." Ya tsinko mata ganyen karkashi daga tsagar dutse. "Tauna ki shafe tafin ƙafa. Yauƙi da santsi 'yan uwan juna ne, in suka haɗu ba sa faɗa."

Sai Kura ta tauna, ta shafe ƙafafunta huɗu, har ta shafa wa cikinta don kada a bar shi baya. Ta ja jiki ta haye, tana nishi.

Suka iso wuri na uku. Nan hanya ta tsuke kamar bakin faranti, a gaba kuma ta yanke, sai an yi tsalle. Kura ta leƙa rami, ta ga kan itatuwa can ƙasa. Ta ce, "Na gaji da maganinka." Sai ta cafke wutsiyarsa da haƙora.

Bunsuru ya ce, "Gwaggo, in mun isa, da wa za ki fara, uwar ko 'ya'yan?"

Kura ta ce, "Mmm."

Ya ce, "In kin yi shiru, kin yafe ke nan."

Ta ce, "Mmm!"

Ya ce, "Ga kunama a hancinki!"

Ta ƙara datse haƙora. Ashe yau Kura ta yi wayo, ta ƙi buɗe baki.

Can sama Bunsuru ya jiyo ƙaramin ɗansa yana kiran "Baba!" Ya waiwaya ya dubi wutsiyarsa, ya dubi kogo. Sai ya rufe ido, ya tattara ƙarfinsa, ya daka tsalle. Wutsiya ta ce ɓas! Shi ya dira ƙetare. Kura kuwa ta kai farce, ba farce. Ta kafa ƙafa, sai yauƙi. Sai ta tafi suuu, tana gungurawa, har ta faɗa da ƙugu cikin taɓo a gindin dutse, tim! Tun daga ranar bayanta ya lotse, har yau da shi take yawo.

Bunsuru ya shiga kogo sharkaf, yana rawar sanyi. Akuya ta zagaya bayansa, ta ce, "Maigida, ina wutsiyar?"

Ya ɗaga ɗan guntun da ya rage sama, ya gyara gemu, ya ce, "Baƙuwa muka yi, ta juya daga hanya. Kin so in sallame ta hannu wofi?"

To, kun ji. Wanda kake shirin cinyewa, kada ka tambaye shi inda za ka sa ƙafa.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta da guntun wutsiya.