Marka da Ƙannenta a Cikin Sarƙaƙiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne!

An yi wata zabuwa mai 'ya'ya uku. Babbarsu Marka, sai Nomau mai saurin fushi, sai ƙaraminsu Cindo, wanda ko ganye ya faɗi sai ya firgita. Ran nan uwar za ta kiwo, ta shigar da su can cikin sarƙaƙiya, ta ce, "Kada wanda ya fito sai na dawo."

Ashe Dila na laɓe yana ji. Ya zagaya, ya zagaya, ya ga ƙaya ba ta shiguwa. Ya ce a ransa, "To, da ƙafarsu za su fito."

Sai ya ƙwalla ihu, "Gobara! Gobara! Daji ya kama, ku fito!"

Cindo ya zabura. Marka ta rufe shi da fiffike, ta ce, "Tsoro kake ji, ko? Ni ma gabana faɗuwa yake. Tsaya mu ja numfashi tukuna." Suka ja, suka sauke. Ta ce, "To, shinshina. Ka ji ƙaurin hayaƙi?"

Cindo ya ce, "A'a, Yaya, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake ji." Ya koma ya zauna.

Dila ya lallaɓa gefen Nomau, ya yi ƙasa da murya. "Kai ne Nomau? 'Yan fakara na can suna yi maka dariya, wai bayan yayarka kake ɓuya. Fito ka nuna musu!"

Gashin wuyan Nomau ya miƙe. Ya ce, "Sake ni, Yaya, yau sai na fasa musu baki!"

Marka ta ce, "Ranka ya ɓaci, na gani. Ga ƙasa nan, yi ta tono har zafin ya fita." Nomau ya yi ta tono, ya yi ta tono, har ya gaji. Sannan ta ce, "Da kunnenka ka ji sun faɗa?"

Nomau ya leƙa ta tsakanin ƙaya, ya ce, "Yaya, mai maganar nan jela gare shi."

Da Dila ya ga haka, sai ya fashe da kukan ƙarya. "Wayyo marayu! Maharbi ya harbe uwarku. Ku fito ku ga gawarta!"

Yara, wannan karon Marka ce tsoro ya kama. Sai ɗan Cindo ya matso, ya jingina da ita, ya ce, "Yaya, ja numfashi." Ta ja, ta sauke. Ta ce, "Ban san gaskiyar wannan ba. Ku taya ni tunani."

Nomau ya ce, "Wanda ya yi mana ƙarya ɗazu, shi ne dai. In tausayinmu yake ji, ya shigo mana."

Marka ta ɗaga murya, "Baba Dila, kuka ya kashe mana jiki. Ga 'yar kafa nan, shigo ka ɗauke mu."

Kwaɗayi ya rufe wa Dila ido, ya cusa kai. Ƙaya ta kama kunne, ta kama wuya, ta kama baya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Yaran suka haɗa baki suna kiran, "Inna! Inna!" Sai ga zabuwa da ranta, da garken zabi a bayanta. Suka rufe Dila da sara, da ƙyar ya fizge, ya bar rabin gashinsa a ƙaya.

Nan fa Marka ta faɗa jikin uwarta, ta rushe da kuka. Uwar ba ta ce ta yi shiru ba. Ta lulluɓe ta, ta ce, "Yi kukanki, 'yata. Kin riƙe da yawa yau."

To, kun ji. In tsoro ko fushi ya zo muku, ku faɗe shi, ku huce, sannan ku yi shawara da 'yan uwanku.

Ƙurunƙus, kan Dila ya sha ƙaya! Kowa ya ja mayafinsa.