Ranar da Baffa Garga Ya Shiga Rumfar Gwanjo

Akwai wani saurayi mai suna Zakiyyu a unguwar Briqueterie ta Yaoundé. Bakano ne, neman abinci ya kawo shi Kamaru, ya samu 'yar rumfar gwanjo a can ƙarshen kasuwar Mokolo. Yana yanka dila, yana kuma sayen tsofaffin kaya a hannun mutane, ya wanke, ya goge, ya rataye.

Yana son wata budurwa, Rukayya, mai buga takardu da tafireta a wani shago a Tsinga. Shekarunta ashirin da bakwai. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta tana hannun ƙanensa, Baffa Garga, babban ma'aikaci a wani kamfanin gwamnati. Mutum ne da ba a ganinsa sai cikin kwat, ko gaisuwa da Faransanci yake amsawa.

Da Zakiyyu ya tura dattawa neman izini, Baffa Garga bai bari sun gama magana ba.

"Mai sayar da tsumman da Turawa suka gama sawa? 'Yar yayana ba za ta shiga gidan mai gwanjo ba. Kada ma ku kawo mini shi, ba na bukatar ganinsa."

Yana da wanda yake so ya ba ta, wani matashi a ofishinsu. Rukayya ta durƙusa ta ce, "Baffa, ba zan auri wanda ba ka yarda da shi ba. Amma don Allah kada ka ba ni wanda ba na so. Zan jira."

Jiran ya kai shekara biyu, kuma bai zo da sauƙi ba. Duk bikin da ta je, sai wata gwaggo ta ja ta gefe ta ce, "Saura ke fa." Innarta kuwa kullum maganar ɗaya ce: "Ƙannenki sun haihu, ke kina zaune. Ki karɓi na Baffanki mu huta da bakin mutane."

Wata rana Rukayya ta gaji, ta ce wa Zakiyyu, "Idan ka samu wata ka yi aurenka. Ba zan riƙe ka ba."

Ya ce, "Na taɓa ce miki na gaji?"

Ana nan sai ƙasa ta shiga matsin da mutane ke kira la crise. Aka zaftare albashi, darajar kuɗi ta faɗi, kamfanoni suka yi ta rufewa. Na su Baffa Garga ma ya rufe. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya sa kwat ya fita kamar mai zuwa aiki, ya yini yana yawo a gari.

Da abinci ya fara gagarar gidansa, ya ninke kwat huɗu a jaka ya nufi Mokolo. Ya wuce rumfunan bakin hanya, ya zaɓi ta can ƙurya inda yake ganin babu wanda zai gane shi. Bai san mai rumfar ba, tunda bai taɓa yarda ya ga fuskarsa ba. Shi kuwa Zakiyyu, da yake ya sha hango shi a unguwa, kallo ɗaya ya yi masa ya gane shi.

"Baba, shigo daga ciki, rana ta yi zafi."

Ya zaunar da shi bayan kayan da ke rataye, inda masu wucewa ba sa gani. Ya zuba masa shayi. Ya duba kayan, ya yaba ɗinkinsu, ya biya abin da dattijon ya faɗa ba tare da neman ragi ba.

Baffa Garga ya ji daɗi, ya ce, "Kana da tarbiyya. Yaya sunanka?"

Zakiyyu ya sunkuyar da kai. "Zakiyyu ne, Baffa."

Dattijon ya ajiye kofin shayin, ya miƙa hannu zai kwashe kayansa.

Zakiyyu ya ce, "Baffa, ciniki ne kawai, kowa yana saye yana sayarwa. Ba zan rataye su a nan ba, Ngaoundéré zan aika da su, don kada wani ɗan unguwa ya gane su. Abin da ya faru a rumfar nan kuma, a nan zai tsaya."

Baffa Garga ya bar kayan ya fita. Ya koma gida yana jiran ranar da za a fara nuna shi da baki a masallaci. Mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. Ya kasa haƙuri ya tambayi Rukayya, "Yaron nan bai ba ki wani labari ba?"

"Labarin me, Baffa?"

Ya kalli idonta, ya ga da gaske ba ta san komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tara dangi a tsakar gida, ya sa aka kira Zakiyyu. Ya ce, "Wata biyar ke nan ba ni da aiki. Na kai kayan jikina kasuwa, na faɗa hannun yaron da na zaga. Yana da damar kunyata ni a unguwar nan, amma ko wadda yake so bai gaya wa ba. Zakiyyu, ka yafe mini. Ka turo dattawanka gobe."

Rukayya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Inna ta daɗe tana kallon Zakiyyu, sannan ta ce wa 'yarta, "Tashi ki kawo wa mijinki ruwa."

Darasi: Kada ka raina mutum don sana'arsa, domin ba ka san ƙofar da yunwa za ta kai ka gobe ba. Iyaye, ku duba hali kafin muƙami, kuma kada surutun mutane ya sa ku ingiza 'ya'yanku. Wanda ya rufa asirin mai zaginsa, shi ne zai rufa na 'yarku. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai gidan da ke bukatar jin wannan.