Yadda Katangar Nomau Ta Koma 'Yan Bin Gada

A zamanin da dajin Dinya bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Nomau ya sauka a cikinsa, daga shi sai bakansa da karensa. Tsofaffi sun ce ɓauna kan taso masa a guje, ya tsaya ƙyam, sai ta ga ya rikiɗa ya zama suri a gabanta, ta kauce. Maroƙa kan ce masa, "Nomau dutsen kan hanya, mai zuwa ya koma!" Shi ya kafa garinmu, Kurmin Dinya, ya haifi maza huɗu, dukansu maharba.

Ban da farauta, langa ce ta fito da sunan samarin nan. A langa kowa yana riƙe da ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, wanda ya saki ƙafa kuwa ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, in ya ratsa ya taɓa bishiyar abokan karawa, an ci su. 'Ya'yan Nomau ke tsaron tsamiyarmu, kafaɗa da kafaɗa, kuma ba a taɓa ratsa su ba. Shi ya sa aka sa musu Katangar Nomau.

Wata shekara rigima ta tashi tsakaninmu da mutanen Gidan Barmo a kan fadamar da ta raba garuruwan biyu. Dattawa suka ƙi a zubar da jini. Suka ce a yi langa, wanda ya ci, fadama tasa ce har jikoki.

Da safiyar ranar Nomau ya tara 'ya'yansa, lokacin ya tsufa har yana dogara sanda. Ya ce, "Abincin garin nan yana ƙafafunku. Kome kuka gani, kada wanda ya motsa."

Babbansu, Jatau, ya ce, "Haba Baba, ai sai dai a tsallake gawarmu."

Aka kara. Ruwan Gidan Barmo ya zo, aka watsar da shi, ya sake zuwa, ya sha ƙasa, sai dai bai saki ƙafa ba. Matanmu har sun fara guɗa. Ana nan sai kiɗa ya firgita wata gada, ta fito daga ciyawa ta ratsa fili, ta gaban hancin Jatau.

Wallahi nan ne bakina ke nauyi. Jatau ya saki ƙafa ya bi ta. Ƙannensa suka rufa masa baya, suna ihun "Tare ta can!" Ba wanda ya ture su, jinin farauta ne kawai. Ruwan Gidan Barmo ya yi tsallensa a hankali, yana dariya, ya dafa tsamiya.

Sun fa kamo gadar. Suka dawo da ita a kafaɗa suna haki, suka tarar da fili tsit. Nomau ya dube su ya ce, "Madalla. Sai ku raba wa gari, su ci har baɗi." Bai ƙara taka filin langa ba har ya rasu.

Tun daga ranar sunansu ya koma 'Yan Bin Gada. Da ƙwallon ƙafa ya zo, sunan ya bi masu tsaron bayan ƙungiyarmu, kuma baƙi kan ɗauka yabon gudu ne. Mukan sunkuyar da kai mu bar su a haka. Har yau ba a cin naman gada a Kurmin Dinya. Albasar da muke sa wa miya kuwa, a fadamar nan ake noma ta, mu je kasuwar Gidan Barmo mu saya.