Mashigin Makau

A zamanin da ake farautar mutane kamar namun daji, an yi wani maharbi mai suna Barmo, wanda ya gudo daga arewa da danginsa, mahara na biye da su. Barmo dodon dawa, mai kwana da kwari a ka! Ya ratsa kurmi da su har ƙasa ta ƙare, suka tsaya bakin teku, ruwan da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu.

Can gaba akwai ɗan tsibiri cike da bishiyoyin kwakwa. Barmo ya kwanta cikin ciyawa yana kallo, yadda ya saba yi wa nama. Ya ga ruwa yakan janye ya bar doguwar hanyar yashi har tsibirin, in an jima ya dawo da gudun doki. Bai gaya wa kowa ba.

Da ƙurar mahara ta bayyana, ya ƙetarar da jama'a, ya tsayar da ƙanensa Makau a tsakiyar hanyar da baka a hannu.

Ya ce, "Tare min su a nan. Kada ka ɗaga ƙafa sai na kira ka."

Makau ya ce, "To, Yaya."

Mutumin tudu ne, bai san ruwa yana dawowa ba. Mahara ma haka. Suka gan shi shi kaɗai, suka kwararo kan yashi, ya yi ta zuba musu kibau. Ruwa ya kai masa idon sawu, ya kai gwiwa. Ya waiwaya, ya ga yayansa tsaye a tudu, baki a rufe. Da an kira shi, da maharan sun biyo shi sun tsira. Teku ya haɗa su duka ya shanye.

Tsohuwarsu ta dubi Barmo ta ce, "Ka ceci gari, amma ni ɗa ɗaya na haifa." Har ta mutu ba ta sake cin naman da ya harbo ba. Ni ma da nake ba da labarin, ban san yadda zan yabe shi ba.

Yau baƙi na tururuwa zuwa tsibirin don farin yashinsa da kifin banda, suna ƙetarawa a ƙafa suna ɗaukar hoto. Kullum kafin ruwa ya juyo, wani daga zuriyar Barmo yakan hau tudu ya ƙwala kira: "Makau, taho!" Baƙi su ruga suna dariya. 'Yan gari ba sa dariya.