Dalilin da Ya Sa Manhajar Gayya Take da Tafinta Biyu

Dalilin da ya sa masu manhajar gayya ba sa dogara da tafinta ɗaya, ku matso, jikokina, ku ji.

Kwamfuta ba ta jin maganar mutum. Duk abin da aka rubuta mata, sai tafinta ya juya shi zuwa harshen inji. To, a can da, mutanen wani gari sun yi gayya sun gina babbar manhaja wadda kowa ke da ikon sa hannu a cikinta, ita ce kuma ke tafiyar da famfunan garin. Tafintansu ɗaya ne, tsoho Barmo.

Barmo mutum ne mai kara. In ka rubuta abu a karkace ba zai kunyata ka ba. Sai ya gane nufinka, ya gyara a ransa, ya faɗa wa inji daidai. Kowa ya saba da haka.

Ana nan aka sayo sababbin injuna waɗanda Barmo bai iya harshensu ba, aka ɗauko wata tafinta, Ladiyo. Ranar da ta kama aiki, famfo ko ɗigo bai yi ba. Jarkoki suka yi layi har bakin kasuwa, yara na kukan ƙishirwa.

Sarkin gayya Tanimu ya zo a fusace. "Ke yarinya, kin kashe mana ruwa!"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙara ba, ban rage ba. An rubuta a buɗe tanki, ba a ce wanne ba."

Barmo ya yi murmushi. "Na gabas suke nufi, 'yata. Tun ba a haife ki ba."

"A ina aka rubuta, Baba?"

Ya dafa ƙirjinsa. "A nan."

"Ranar da ba ka, wa zai buɗe nan ya karanta?"

Tsoho ya juya ga Tanimu. "Kada ku kore ta. Karar da na yi muku ce ta hana ku ruwa."

Suka zauna, Barmo yana faɗin duk abin da ya daɗe yana rufewa, mutane suna gyarawa, har ruwa ya dawo.

Shi ya sa har yau, in ka kawo aikinka gayyar nan, ko da wane yare ka rubuta, sai an miƙa wa tafinta biyu. In bakinsu bai zo ɗaya ba, kai za a mayar wa, ka je ka faɗi abin da kake nufi.