Yadda Layin Akuya Ya Samu Sabon Suna

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta Samabula, nan cikin birnin Suva, sunansa Apakuki. Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki a gidan waya. Da ya yi ritaya sai ya naɗa kansa masanin tarihin unguwa. Ba wanda ya ba shi muƙamin. Wata safiya ce kawai aka gan shi ya fito da farar riga, da zanensa mai aljihu ya sha guga, da jakar takardu a hammata.

In ka gaishe shi a tashar bas, kafin bas ta iso ya gaya maka shekarar da aka kafa famfo na farko a layinku. In ka ce ba haka kakarka ta faɗa ba, sai ya daki jakar ya ce, "Kakar taka tana da takarda?"

Abu ɗaya ke ƙona masa rai, shi ne sunan layin da yake zaune. Layin Akuya ake ce masa tun tuni, kuma ba wanda ya damu ya san dalili. In Apakuki ya shiga tasi sai ya ce, "Layi na uku bayan coci." Direba ya waiwayo ya ce, "Au, Layin Akuya kake nufi?"

Ana nan sai kwamitin unguwa ya yanke shawarar kafa wa kowane layi allon suna. Fasto Epineri, shugaban kwamitin, ya ce mutanen kowane layi su taru su zaɓi sunan da suke so. Apakuki ya zauna ya rubuta shafi goma sha biyu a kan dalilin da ya sa ya kamata a sa sunan marigayi mahaifinsa, Ilaitia. A cewarsa, shi ya fara sare dajin wurin.

Matarsa Salanieta tana kankarar kwakwa a ƙofar kicin, ta ce, "Baban Sera, ka je ka tambayi Nani Sukhraji mana. Tun kafin a haife ka take layin nan."

Ya ce, "Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa? Tarihi fa nake yi, ba hirar gindin murhu ba."

Nani Sukhraji tsohuwa ce 'yar shekara tamanin da uku. Gidanta ne a bakin layin, kuma kullum tana kafa tebur a gindin mangwaro tana sayar da roti, wata 'yar gurasa marar kauri da ake naɗewa da miyar kabewa a ciki. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Apakuki da "Kuki", kamar wani ɗan yaye.

Ya je wurinta, amma ba tambaya ta kai shi ba. Ya ce, "Nani, ranar da za a kafa allo manyan baƙi za su zo. Wannan teburin naki sai ki nema masa wani wuri. Ba zai yi kyau a hoto ba."

Ta ce, "To, Kuki. Ka karya kuwa?"

Ta naɗe masa roti ɗaya ta miƙa. Ya karɓa, ya cinye a tsaye yana mata bayanin yadda birane masu ci gaba ba sa barin tebura a bakin hanya.

Ranar taron, ruwa ake tsugawa kamar yadda aka saba. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren coci, maza suka zagaye akushin kava, abin shan gargajiya da ake haɗawa da dakakkiyar saiwa, mata suka jera shayi da dafaffen rogo. Nani tana can gefe a kan kujera saboda gwiwarta. Apakuki ya sa an ɗauko masa yayarsa Akosita tun daga Nausori don ta ba da shaida. Ta girme shi da shekara tara, kunnenta ya yi nauyi, saboda haka in tana magana har na waje ma yana ji.

Minti arba'in ya yi yana karatu. Fasto ya yi gyangyaɗi sau biyu. Da ya zo ƙarshe sai ya cire tabarau ya ce, "Shi kuwa wannan mummunan suna, bincikena ya nuna wasu maƙwabta ne da ba su san tsabta ba suka cika layin da awaki. Ba zan kama suna ba."

Bai kama suna ba, amma idonsa na kan Nani. Kowa a zauren ya ji abin bai yi daɗi ba. Shi kuwa maimakon ya zauna sai ya ƙara. "Nani, ke da kike nan a lokacin, ba gaskiya na faɗa ba? Awakinku nawa ne?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Guda ɗaya ce. Munni."

"To kun ji. Yaya Akosita, tashi ki gaya musu yadda Baba ya sare dajin nan."

Akosita ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ce, "Wane daji? Mijin Sukhraji ne ya sare, mu da muka zo daga ƙauye shi ya nuna mana inda za mu kafa bukka a can ƙarshen layi."

Apakuki ya ce, "Yaya, ba wannan ba, zancen..."

"Zancen akuya? Na ji ana akuya, akuya. Ai kai ne."

Ya ce, "Ni kuma?"

Ta ce, "Kana ɗan sati biyu Mama ta kwanta asibiti, wata biyar tana can. Babu nono. Ka yi ta tsala ihu har muryarka ta dushe, Baba ya zauna a ƙofar bukka yana kuka, ya ɗauka mutuwa za ka yi. Sukhraji tana amarya a lokacin, ta zo daga gidansu da akuya ɗaya mai shayarwa. Safe da yamma take janyo ta tun daga bakin layi har ƙofarmu, ta tatsa, ta tafasa, ta ɗura maka da cokali. Ko ruwa ake yi sai ta zo, ita da akuyar duk a jiƙe. Mutane suna ganinsu kullum, shi ne suka fara cewa layin akuya."

Ta juya wajen jama'a. "Kuma ci ne da shi. Ɗan akuyar har ramewa ya yi."

Wata mata ta fara ƙyalƙyalewa, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Mai rabon kava ya zubar da rabin ƙoƙo a zanensa. Fasto ya rufe baki da hannu yana tarin ƙarya.

Apakuki ya dubi Nani. Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara sittin da huɗu, ba ki taɓa gaya min ba?"

Ta ce, "Babanka ne ya roƙe ni. Wai kar yara su riƙa yi maka kukan akuya a makaranta."

Daga can baya wani ya yi "mee" a hankali. Har yau ba a gano ko wane ne ba, amma mutane da yawa suna zargin maigadin coci.

Apakuki ya tattara takardunsa ya fita cikin ruwa, ko lema bai ɗauka ba.

Kwana uku bai leƙo waje ba. Salanieta kuwa duk safiya in ta kawo shayi takan tsaya ta ce, "Baban Sera, a sa madara ko a bari?"

A rana ta huɗu ya sa farar rigarsa, ya sayo damin saiwar kava kamar yadda ake yi in za a nemi gafara, ya nufi gindin mangwaro. A gaban masu sayen roti ya zauna dirshan a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa damin da hannu biyu. Ya fara jawabi, amma ko jimla uku bai yi ba tsohuwar ta katse shi.

Nani ta ce, "Ni ba na shan wannan abin naku, ka kai wa Fasto. Tashi, Kuki, ƙasa a jiƙe take."

Bai tashi ba. Ya ce, "Ita Munnin, yaya aka yi da ita?"

"Tsufa ta yi ta mutu. Ranar bikin ƙanin mijina an so a yanka ta, na ce sai dai a fasa bikin. A nan aka binne ta, kusa da inda kake zaune."

Ya ɗan matsa gefe. Sannan ya buɗe jakarsa, ya ciro sabon littafi da biro, ya ce, "Nani, ki fara min tun daga ranar da kuka zo."

Sati biyu yana zuwa kullum. Ya cika littafi uku, ya kuma koyi naɗe roti, ko da yake masu saye sun ce nasa yana zubar da miya.

A taro na biyu shi ya fara ɗaga hannu. Ya ce ya janye sunan mahaifinsa, a sa wa layin Sukhraji. Nani ta girgiza kai ta ce, "Ni tatsa kawai na yi. Nonon ba nawa ba ne."

Haka aka kafa allo a bakin layin, an rubuta Layin Munni. A hoton bikin, teburin roti ne a tsakiya.

Kwanan baya wata baƙuwa da ta zo daga Lautoka ta tsaya tana karanta allon, ta tambayi Apakuki wace ce Munni. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Wata baiwar Allah ce da ta shayar da ni ina jariri."

Matar ta ce, "Allah sarki. Ai kuwa ka ɗauko kamanninta, da gani."

Ya ce, "Haka yayata ma take faɗa."

Darasi: Kafin ka raina wani a unguwarku, ka fara tambayar abin da ya yi wa gidanku lokacin da ba ka san kanka ba. Da yawa cikinmu alherin maƙwabta ne ya raya mu, kuma ba a rubuta shi a kowace takarda ba. Ku je ku zauna da tsofaffin layinku tun suna nan, ku kuma tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masanin tarihin gidanku.